Ranar da Alhaji ya tuƙo babur daga Kano

Maigidana ya ajiye aikin haɗa magani a asibiti yana da shekara sittin da uku. Sa'o'insa wasu sun koma gida sun kama noma, wasu sun kama sahun gaba a masallaci. Shi kuwa babur ya saya, wani baƙin ƙato mai nauyin saniya, wanda in ya tayar da shi sai karnukan layinmu a unguwar Catford ta London su ɗauki haushi gaba ɗaya.

Wata rana muna karin kumallo ya ce akwai taron masu babura a can ƙuryar Scotland, kwana uku a fili, kuma ya riga ya kama wuri.

Na ce, "Alhaji, kai da ko nan kusa Abbey Wood ka je sai ka dawo riƙe da ƙugu?"

Ya ce, "Hajiya, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Na ce to ƙafata ƙafarsa, don na san in na bar shi, maganin hawan jininsa ba zai fito daga aljihu ba. Haka na tsinci kaina, da jikokina huɗu a duniya, cikin wandon fata, hijabi a ciki, hular kwano a sama.

Kwana biyu muka yi a hanya. Alhaji ba ya gudu, har manyan motocin kaya wuce mu suke yi, direbobin suna leƙo mu. Duk mai babur da ya kaɗa mana kai, sai Alhaji ya amsa masa da cikakkiyar sallama daga cikin kwano. Ruwa ya dake mu, taɓo ya wanke mu, har lambar babur ɗin ba ta karantuwa.

A bakin filin taron akwai wani Bature mai gemu har ciki, yana rubuta masu shiga. Ya tambayi Alhaji daga ina. Shekara talatin ke nan a London, in aka yi wa Alhaji wannan tambayar ya ce Catford sai an sake tambayar asalinsa, don haka ya koyi taƙaita wahala. Ya ce, "Kano, Najeriya."

Mutumin ya ajiye biro. Ya dubi taɓon, ya dube ni ina saukowa da ƙyar, ƙafafuna sun sandare kamar na kujera. Sai ya rungume Alhaji har ya ɗaga shi sama.

Kafin mu kafa tanti labari ya zaga. Aka riƙa kawo mana shayi, ana ɗaukar mu hoto. Wani ƙato ya durƙusa ya sumbaci tankin mai. Alhaji ya ce mini, "Kin gani? Mutanen kirki ne, sun san girman baƙo." Wani ya tambaye shi yaya Sahara take, ya ce akwai zafi sosai, ya ƙara musu da tarihin fatake. Wata ta tambaye ni kwana nawa muka yi a hanya, na ce biyu. Ihun da suka yi sai da na dafe ƙirji. Na ɗauka jinkirinmu suke yi wa dariya, har na ji haushi.

Washegari bayan la'asar aka kira mu ta lasifika: kyautar wanda ya fi kowa zuwa daga nesa. Muka hau dandamali, aka miƙa wa Alhaji kofi da aka ƙera da tsohon ƙarfen inji, mai gemun nan yana ta bayanin yashi da raƙuma. Nan ne Alhaji ya gane. Ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, sun ɗauka tuƙo shi muka yi daga Kano."

"To faɗa musu gaskiya."

"Bari a gama tafin tukuna."

Ya tsaya kuwa, ya ɗaga kofin sama, ya juya dama, ya juya hagu. Sai da tafi ya lafa ya karɓi abin magana, ya ce a gafarce shi, shi ɗan Kano ne amma babur ɗin ɗan Catford ne, bai taɓa ganin rairayi ba. Sai dariya ta ɓarke, har wani ya faɗo daga kan baburinsa.

Aka duba takarda, ashe mai kyautar wata tsohuwa ce daga Girka, wadda ta zo a kan 'yar ƙaramar besfa da karenta a kwando. Ta hau ta miƙa hannu. Alhaji ya miƙa kofin amma yatsunsa suka ƙi saki, ita tana ja, shi yana murmushi, karen yana haushi, sai da na taka masa ƙafa.

Dawowa ni jirgin ƙasa na hau, na miƙe ƙafafuna, na sha shayi mai zafi. Alhaji ya iso bayan kwana uku. Mako guda a kan kujera yake salla, kuma bai yarda ko sau ɗaya cewa ƙugunsa ne ba. Wai kafet ɗin ne ya yi tauri.