Dakan Yashi a Turmi

Lokacin ɗari a Madarumfa, da an sallame magariba sanyin tabki ke shigowa har tsakar gida. Sai Kaka ta hura wutar kara, mu yara mu zagaye ta. Gwaggo Habsu, ƙanwar babana, takan zo hira daga gidan mijinta, ta zauna gefe tana ɓarar gyaɗa. Mijin ya tafi cin rani Najeriya, damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, ba aike ba labari. Ita kuwa Gwaggo, ko yunwa za ta kashe ta, ba ta buɗe baki ta ce babu.

Ran nan Kaka ta ce ga ta nan, muka ce ta zo mu sha. Wai wata mata ce miji ya ɓace ya bar mata rumbu wayam. Don kada maƙwabta su gane, kullum sai ta zuba yashi a turmi ta yi ta lugude, ta ɗora ruwa zalla a murhu hayaƙi ya tashi. Da wuya ta yi wuya, ta je gaban alƙali a raba auren. Alƙali ya ce kuka ba ya raba aure, ta kawo shaidu cewa mijin bai bar mata ci ba, bai kuma aiko ba. Aka kira maƙwabta. Bayin Allah suka faɗi gaskiyarsu, kullum suna jin dakanta, suna ganin hayaƙinta. Aka ce ta koma ta yi haƙuri.

Muka yi ta ƙyalƙyala dariya. Kaka ko murmushi ba ta yi ba. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Alƙali ba ya leƙa tukunya, Habsu. Abin da mutane suka gani, shi yake ji."

Gwaggo ta tashi ko sallama babu.

Da safe aka gan ta da ƙwarya, gida gida, tana roƙon hatsi da muryar da kowa zai ji. Wallahi kunya ta kama ni, har faɗa na yi a lakwal, makarantarmu ta boko, da wadda ta yi mini gori. Daga baya liman da wani maƙwabcinta suka yi mata shaida a fada, aka raba auren, jastis, kotun gwamnati, ta tabbatar, ta yi idda a ɗakin Kaka.

Sai da na girma na yi nawa auren na gane. Rumbun babana cike yake a shekarar nan, da ta yi magana da an auna mata. Gwaggo shaidu ta fita nema da ƙwaryar nan, kuma da kunyarta ta biya ta same su.