Ƙwayoyin Ƙarin Jinin Yaya

Yayata tela ce. Shekara goma sha tara ta yi a shago ɗaya, a ƙarƙashin matakalar wani bene, kan keke na biyu daga ƙofa. Ba ta cika ɗaukar tef ɗin awo ba. Kallo ɗaya take yi wa mace ta ce, "Ke, kin ƙara kafaɗa, kada ki yi mini musu." Da keken nan ta riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, da shi na yi jami'a. Ranar da na kawo takardar digirina ta kimiyyar sinadarai, ta ɗaga ta sama ta ce, "To Mama, mun yi likita." Daga nan kowa a gida ya koma kirana Likita. Da wasa aka fara, sannu a hankali aka manta wasa ne.

Bara ƙafarta ta dama ta fara yi mata gardama, tana taka keke sai ta zame. Sai yatsu suka biyo baya. Wata rana allura ta huda mata yatsa, ba ta sani ba sai da ta ga jini a yadin mutane. Bayan wata da watanni ana zaryar asibiti, likitan jijiyoyi ya ce garkuwar jikinta ce ke cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, cutar da ake taƙaita sunanta da MS. Mama ta tambayi abin da ke kawo ta. Ya ce har yanzu ba a tabbatar ba. Ya kuma rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini, don jininta ya yi ƙasa, ya ce wannan matsala ce daban.

Wannan "ba a tabbatar ba" ita ta tsaya mini a rai. Ba ni da aiki, ina da waya. Na yi mako uku ina karatu, har na ci karo da wani bayani: wai jijiyoyin jini na wuya ne ke tsukewa, jini ya kasa saukowa sosai, sinadarin ƙarfe ya taru a ƙwaƙwalwa ya yi ɓarna. Na juya kwalbar ƙwayoyin Yaya, na ga sinadarin ƙarfe ne a ciki. Na ce a raina, ashe su ne ke ƙara mata ciwon.

Muna cin abincin rana na faɗa musu.

"Kai da ka yi karatun, me ka gani?" in ji Yaya.

"Ni dai da ni ne, da na dakata da su."

"Ai shi ke nan, Likita ya yi magana," in ji Mama. Ta ɗauke kwalbar ta ɗora can saman kabad. Ba wanda ya ce a koma a tambayi asibiti. Ni ma ban ce ba.

Aka yi wata huɗu a haka. Tafin hannun Yaya ya yi fari, hawa uku na matakala sai ta tsaya tana haki. Duk muka ɗora wa ciwon. Wata Laraba da hantsi mai shagon da take aiki ta kira ni: Yaya ta sulale daga kujera, goshinta ya daki ƙarfen keke.

Leda biyu na jini aka ƙara mata. Likitan ya duba takardar gwaji, ya dube mu.

"Wa ya ce ta daina shan maganin?"

Mama ta sunkuyar da kai.

"Ni ce na gaji da su," in ji Yaya daga kan gado. "Ɗaci gare su."

Sai na yi ta maza na kawo maganar jijiyoyin wuya. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce an gwada wannan zance shekarun baya, har an buɗe wa mutane jijiyoyin, ba a ga ya taimaka ba. Da na karanta zuwa ƙarshe, da na gani.

Bayan mako biyar na raka Yaya shago. Wata ce zaune a kan kekenta.

"Ba korar ki na yi ba, 'yar'uwa," in ji mai shago, tana ta gyara ɗankwali. "In kika sake faɗuwa allura ta same ki a ido, me zan gaya wa Mama?"

Ta nuna mata benci a can ciki, kusa da teburin guga, da gwangwanin maɓallai. Aikin hannu, ga matar da yatsunta ba sa jin allura. Yaya ta zauna. Sau huɗu ta kai zare bakin allura yana kaucewa. A na biyar ta miƙo mini, idonta a kan rigar da ke cinyarta.

"Zura mini. Kullum da safe ka zura wa allura goma zare kafin ka fita neman aikinka."

Ina zurawa. Jiya da yamma na tarar shida daga cikin goman ba ta taɓa su ba, mai shago kuma ta fara tafiya da rigunan zuwa gidanta tana sa maɓallan da kanta.