Launin Ɗanyen Gora

"Ka sake buɗe min kwalbar nan a ɗaki, ka ga abin da zan yi da ita!"

Muryar Fumie ce, matar maƙwabcina, ta ratso bango ta same ni ina wanke kwanukan safe. Bangon gidajenmu ko tari ba ya ɓoyewa, balle faɗa.

"Ai na buɗe taga," in ji mijinta, Unno Shigeharu, can ƙasa-ƙasa.

"Taga! Shinkafa warin tinar fenti, bargo warin tina, jiya a cikin bas wata mata sai da ta matsa daga kusa da ni. Baban Kanae, likitan Mama ya ce a sanar da dangi, kai kuma ka zauna kana yi wa jirgin roba kwalliya!"

"Saura farfela kawai."

"Saura hankalinka dai."

Sai na ji wani abu ya faɗi, ƙas, ƙara 'yar ƙarama.

Unno tsohon direban bas ne. Kamar yawancin mazan garinmu Shizuoka sa'anninsa, ya taso yana sayen kwalayen jiragen roba, ya yanke gutsattsarin, ya manna, ya yi fenti. Wasu sun bari da suka yi aure, shi ma ya bari, sai bayan ritaya abin ya dawo masa da ƙarfi. Amma jirgi ɗaya yake haɗawa, Zero, jirgin yaƙin nan mai jan da'ira a fuka-fukai. Ya gama wannan, ya sayo irinsa. Abokansa da suke haɗuwa ranar Asabar a saman shagon taliya har tsokanarsa suke yi, wai ko rundunar yake son dawowa da ita shi kaɗai.

Sau ɗaya na shiga ɗakin aikinsa, ranar da na kai musu lemun da aka aiko min daga ƙauye. Na tarar da shi da gilashi biyu a hanci, yana shafa wa cikin jirgin wani launi mai sheƙi, tsakanin shuɗi da kore. Ya ce sunansa aotake, wato ɗanyen gora, da shi ake shafe cikin jiragen gaske don kada ƙarfe ya lalace. Da fentin ya bushe, sai ya ɗauki ɓarin jirgin biyu ya haɗe su da gam, launin ya ɓace a ciki.

Na ce, "Unno-san, wa zai ga wannan wahalar?"

Ya ce, "Haka ake yi. Wanda ya bar jirginsa a buɗe, bai gama ba ke nan."

Mahaifiyarsa Tsuya ta haura casa'in, tana gidan kula da tsofaffi a kan tudu. Tun bazarar bara ba ta kira sunansa ba. Idan ya shigo, sai ta sunkuyar da kai ta gode masa kamar mai kawo saƙo. Lokacin yaƙin duniya na biyu tana 'yar makaranta aka kwashe ajinsu aka kai masana'antar jirage. Ba ta taɓa ba shi labarin ba, in ban da magana ɗaya: "Ni na yi wa Zero fenti." Wannan maganar ya riƙe. Kowace Lahadi yana ɗaukar sabon jirgi ya ajiye mata a kan bargo. Sai ta kalla, ta ture da bayan hannu. Shi kuwa ya dawo ya ce koren bayan jirgin ne bai yi daidai ba, ya sake dama wani.

Fumie tana ganin guduwa yake yi, ya fi son ya zauna da buroshi da ya zauna a gefen gado. Ni ma na zargi hakan. Na lura bai taɓa zuwa wurin tsohuwar hannu rabbana ba, ko sau ɗaya. Kamar yana tsoron idan babu jirgi a tsakaninsu, shi za ta ture.

A safiyar faɗan nan, can na ji ƙofarsu ta buɗe. Na leƙa, na gan shi yana sauka da wani abu ƙulle a ƙyallen ɗaure abinci, ya rungume shi a ƙirji. Ko hula bai sa ba.

Na fita baranda, sai ga Fumie a tasu, tana riƙe da rigar da ba ta shanya ba.

"Kin ji mu ko, Serizawa-san? Kada ki ce ba ki ji ba, har atishawarki muna ƙirgawa."

"Na ji abu ya faɗi."

"Gwiwar hannuna ce ta ture shi. Ya rabe biyu kamar ƙwai." Ta matse rigar. "Da asuba suka bugo daga gidan tsofaffin, wai numfashin Mama ya canza. Ya ce sai ya gama wannan tukuna. In ta tafi ba ta gane shi ba, ni zai kalla har ƙarshen rayuwarmu."

"Me ya ce da ya faɗi?"

"Da ya ce wani abu ai da sauƙi. Tsincewa ya yi ya fita."

Na shigo da ita wurina, na dafa shayi, ba wadda ta sha. Ta ajiye wayarta a kan tebur tana juya ta, fuska sama, fuska ƙasa. Duk bas ɗin da ya tsaya a bakin titi sai ta miƙe. Rana ta karkata, wayar ba ta yi ƙara ba, kuma ba mu san ko mu gode wa hakan ba.

Da yamma muka ji takunsa a matakala. Fumie ta riga ni buɗe ƙofa. Yana tsaye, ƙyallen a hannunsa babu komai a ciki, idanunsa sun yi ja.

"Baban Kanae, yaya Mama?"

"Tana nan. Sun ce a dawo gobe da wuri, kada a makara."

"Jirgin fa?"

"Ta hana ni ɗauka." Ya dafa bango yana mayar da numfashi. "Ashe ba ta taɓa ganin bayan jirgin ba, Fumie. Gutsattsari ake kawo musu, ciki kawai suke shafawa. Ni kuma duk wanda na kai mata, sai na liƙe shi tukuna."

Fumie ta toshe baki da hannu. "Ta gane ka?"

Ya dubi ɗan yatsansa, inda ɗanyen goran ya maƙale a gefen farce.

"Ta leƙa cikin ɓarin jirgin ta ce, 'Shigeharu, ka lafta da yawa, mai duba aiki zai dawo da shi.' Ke, ina kika ɓoye min kwalbar?"