Kaset Shida na Inna

Wauta ta daɗe da sanin ƙofar gidana. Aji uku na yi a firamare, malamin ya ce in koma gonar albasa, ta fi shi buƙatata.

Ba a daɗe da yanke mana Kebbi daga Sakkwato ba, wani ɗalibin jami'a ya sauka Aliero da rakoda a jaka. Ya ce digirin dakta yake nema a kan harshe, wata hukuma ce ta ba shi tallafi ya ɗauki maganar tsofaffi kafin su tafi da abarsu. Ni da babur ɗina muka zama 'yan jagora: Jega, Maiyama, Sabiyal. Da yawo ya ishe ni, sai na kai shi wurin mahaifiyata.

Inna ta ƙare wa rakodar kallo. "Wanga akwati shi ka riƙe magana? To ya ɗara ɗana, shi ba ya riƙe komi."

Ta rera masa waƙoƙin niƙa, ta jero sunayen ciyayin fadama waɗanda ni kaina ban taɓa ji ba. Kaset shida.

Tallafin ya ƙare ana tsakiyar damina. Ya ce zai koma ya nemi wani, kuma don gudun ruwa a hanya ya bar mini kaset ɗin cikin gwangwani. "Amana ce, maigida."

Shekara biyu, ba shi ba wasiƙa. Ni kuwa na yi sabuwar rediyo mai kaset. Ranar wata kokawa a Jega kiɗa ya ratsa ni, na ce ai Inna tana nan, kullum cikin magana take, har ta yi yawa. Na zura kaset ɗinta ɗaya, na danna jan maɓallin ɗauka. Kafin kaka na cinye duka shidan.

Cikin kakar nan Inna ta rasu. Ɗalibin bai dawo ba. Na ji an ce bai samu tallafin ba.

A ƙarshen kaset na shida akwai inda kiɗan ya yanke. Sai ka ji Inna ta ja numfashi za ta fara magana, kaset ya ƙare. Nakan mayar da wurin, ni kaɗai, ƙofa a rufe.

Ranar sadakar arba'in, ƙanwata tana naɗe tabarmi, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Yaya, ai kai ka aje muryar Inna. Ran da ka samu sarari ka sa muna mu ji."