Ranar da Aka Rina Ɗan Dako

Da na shigo lungunmu daga makaranta, abin da na fara lura da shi shirun mabuga ne. Kullum tun daga bakin masallaci nake jin ƙarar sandunansu suna dukan yadi don ya yi sheƙi, amma ranar ko tari babu. Mata sun leƙo ta saman katanga, idonsu duk yana kan karofi, filin ramukan rini da ke bayan gidanmu. Na rungume jakata na bi gefen bango, yadda na saba tafiya don kada a kula da ni.

Shekarun yaƙin basasa ne. Samari sun tafi soja, farin yadi ya yi tsada, fatake sun ɗauke ƙafa. Baffa, yayan mahaifina, shi ne babba a karofin, kuma tun da ya sayi rediyo ya zama janar. Daga kan tabarmarsa yake cin garuruwa. Abin da ya rasa kawai abokin gaban da hannunsa zai iya kaiwa, sai ranar Allah ya ba shi.

Ɗan dakon da ke kwasar kayan rini zuwa Kasuwar Kurmi ne, wani siririn mutum mai tari, wanda soja ma suka duba suka ce ya koma gida. An ba shi zannuwa ya kai, ɗaya ya yi ɓatan kai, aka gan shi a rumfar wani dillali. Bai yi musu ba. Ya ce ya sayar ya auni gero. Na tarar an gama yi masa bulala, ana shawarar abin da ya rage.

Baffa ya ce bulala aikin banza ce, tunda riga tana rufe ta. Hukuncin da ke hana sata shi ne wanda ake hangowa daga nesa. Saboda haka a rina masa fuska, duk ɓarawon da ke cikin ganuwa ya gani ya tuba. Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce wannan hikima ce.

"Alhaji, a bari in rufe idona tukuna," in ji ɗan dakon.

"Da ka rufe shi a kan zanen mutane ai da ba mu zo nan ba," in ji Baffa.

Aka kama kafaɗunsa aka tsoma fuskarsa a ramin rini. Da aka ɗago, fuskar kore ce, sai aka tsaya jiran iska ta mai da ita shuɗiya, kamar yadda ake yi wa yadi. Har musu ya kaure tsakanin marina biyu. Ɗaya ya ce ya kama, ɗaya ya ce gefen kunne da saura, sunan karofinmu zai ɓaci. Aka sake tsomawa. Ban taɓa ganin sun yi wa mai biyan kuɗi aiki da natsuwa irin wannan ba. Ni dai yatsun ƙafarsa nake kallo, yadda suke damƙar laka suna saki.

Hukuncin ya yi aiki sosai. Daga ranar babu wanda ya ƙara ba shi dako, a Kurmi ko a unguwa. Kokon sayarwa da matarsa ke damawa da safe ya koma sai ƙuda. Wato mutumin da yunwa ta sa shi sata an yi masa maganin yunwa ta hanyar raba shi da sana'a.

Sauran ɓarayin kuwa, da alama labarin bai kai musu ba. Butar masallaci ta tafi. Akuyar maƙwabciyarmu ta bi ta. Sai dai yanzu bincike ya yi sauƙi: kome ya ɓata, a nemo mai shuɗiyar fuska, kuma ba ya ɓuya. Ranar da aka tsare shi a zaurenmu ana tambayarsa akuya, aka yashe igiyar shanya guda a karofi. Na ɗauka wannan zai wanke shi. Baffa ya ce ai ga shaida nan, mutumin har yaran sata gare shi.

Ina wuce shi kowace safiya a inuwar masallaci, ya yafa tsumma a ka. Shunin ya fara koɗewa, ya maƙale a gira da gindin gashi. Amma idonsa na hagu ya yi ja ya kumbura, yana tsiyayar ruwa, don ruwan rini da toka ake haɗa shi. Yakan daɗe yana lalubar takalminsa a gefen da ba ya gani.

Sai na ji Baffa yana gaya wa mahaifina cewa satar ta ƙaru ne saboda launin ya yi sanyi, ɓarayi sun daina tsoro. Bayan Juma'a za a sabunta. Innata ta ce a ɗaki idon nan ba zai ɗauki wani tsomi ba, amma a ɗakin maganar ta tsaya.

Ni ce mai kai wa Baffa tuwo. Tun da na yi wayo, bayan gaisuwa ban taɓa ce masa komai ba. Na durƙusa na ajiye kwano, na zuba masa ruwan wanke hannu. Hannun nasa shuɗi ne har gwiwa, kamar na duk marinan da ake gaisarwa da girma a kasuwa. Na ƙi tashi. Ya ɗago ya ce, "'Yar boko, lafiya?"

Na dubi bakin tabarma na ce, "Baffa, in dole sai an sake rina shi, don Allah a tsoma hannunsa kawai, irin naku."