Tafin Hannu a Gilashin Baya

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina!

Motar da na sayar wa Hajiya Falmata ce, na ce kafin in kai mata bari in manna wa gilasan tintid, baƙar ledar nan, da kaina. Ina gamawa, sai ga shatin tafin hannun yaro a gilashin baya. Na ɗauka kumfar iska ce a ƙarƙashin ledar, na kai wa Emeka mai tintid a Sabon Gari. Ya ɓare, ya wanke, ya manna sabuwar leda. Muna tsaye hannun ya dawo!

Emeka ya ja da baya. "Alhaji, wannan ba laifin leda ba ne. Ina ka samo motar?"

Na ce, "Wadda ta yi haɗari ce na saya, na gyara."

Nan take na kira Hajiya, na ce na fasa cinikin. Yara za ta riƙa kaiwa makaranta a ciki.