Rakiya, Wadda Ba Ta Saki

Ina cikin aji a Gwaram ina rubutu a allo wayata ta yi ƙara. Ba na ɗauka lokacin darasi, amma aka kira har sau uku. Mijin Rakiya ne. Ya ce, "Malama Saude, sai haƙuri. Kyaftin ɗinku ta cika ɗazu da hantsi." Na yi salati, na zauna a bencin ɗalibai da alli a hannuna. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Matar da na sha ganin mutum uku sun rataye a jikinta tana tafiya da su, ita ce zazzaɓi ya kwantar.

A sakandaren kwana ta 'yan mata muka haɗu, ni daga Fagam, ita daga Kiyako, 'yar gidan makiyaya. A shekararmu ta biyu wata mai bautar ƙasa ta zo mana da ƙwallo mai siffar gwanda, ta ce sunan wasan zari-ruga. A ruga da ƙwallo a hannu, a miƙa ta baya, wadda ke riƙe da ita kuma a kayar da ita. Duk muka tsaya muna noƙewa. Rakiya kuwa ta sunkuya, ta kwashe ƙafafun wata babbar ɗaliba, ta danne ta a ƙasa, ta zauna tana waige-waige. Malamar ta hura usur har ta gaji. Da aka tambaye ta me take jira, sai ta ce, "Igiya mana. A gidanmu in ka kayar da maraƙi ba ka saki sai an ɗaure."

Dokar wasan ita ce in ka kayar, ka saki nan take. Rakiya ta buga wa makaranta, ta buga wa jiha, mun je Kano da Kaduna da Legas, har sansanin 'yan wasan ƙasa an gayyace ta, amma wannan doka ɗaya ba ta taɓa zama mata a kai ba. Alƙalan wasa sun san ta sarai. Mu kuma muna tsokanarta, muna cewa a riƙa zuwa mata fili da igiya. Sharaɗin da Baffanta ya kafa kuwa ba ta taɓa karya shi ba: dogon wando, dogon hannu, kai a rufe. Da kanta ta ɗinka mana huluna masu kama kai, tana cewa, "Kowa ta faɗi, amma kada in ga gashin kowa."

Wannan riƙo nata ni ya fi yi wa amfani. Idan ƙwallo ta fita fili, akan jefo ta tsakanin layi biyu, a ɗaga mutum ɗaya sama ta cafke. Ni ce siririya, ni ake ɗagawa, Rakiya ce ke bayana. Kafin a jefo takan ce, "Ke dai kalli ƙwallo, ƙasa aikina ne." Shekara takwas ban taɓa kallon ƙasa ba.

Sai ranar nan a Legas. Ta kayar da wata ta ƙi saki, alƙali ya kore ta na minti goma. A cikin mintunan nan wata ta ɗaga ni, hannunta ya zame, na faɗo a kan kafaɗa, ƙashi ya karye. Ƙashi ya warke, tsoro bai warke ba. Ban sake taka fili ba. Ban taɓa ɗora mata laifi ba, amma ita ta ɗora wa kanta.

Da ta daina bugawa ta dawo Birnin Kudu, ta yi aure, ta tara 'yan mata tana koya musu a wani fili bayan gari duk Asabar da safe. Gida-gida ta bi tana roƙon iyaye. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Kusan kowane wata sai ta kira. "Saude, ina da masu ɗagawa, ba ni da mai koya musu tashi. Gwaram ɗin nan ba bangon duniya ba ce." Ni kuma in ce sai bayan jarrabawa, sai bayan damina. Ƙarya nake yi mata, ta kuma sani. Wannan ne ke ci mini rai yanzu.

Na isa gidan kafin azahar, an gama wanka ana sa likkafani. Innarta ta kama hannuna ta ce, "Zo ki kama mana, 'yar nan. Ke ta fi yarda da ke." Na sa hannu a bayanta, muka ɗora ta a makara. Shekara takwas tana ɗaga ni, ni sau ɗaya na ɗaga ta, kuma dole na saki.

Ranar uku 'yan matan suka zo ta'aziyya cikin hijabansu, suka zauna a gefe. Da za su tafi babbarsu ta durƙusa a gabana, ta buɗe buhu, sai ga ƙwallon nan mai siffar gwanda. Ta ce, "Anti, ta ce mana kina nan zuwa. Mu zo ranar Asabar, ko mu bari?" Na daɗe ina kallon ƙwallon, kafaɗata tana mini tsami. Na ce su zo.

Na je. Yarinyar da aka ɗaga tana ta leƙen ƙasa, sai na ji bakina ya ce mata ta kalli ƙwallo kawai. Na tsaya a bayanta, na riƙe.

Allah Ya jiƙan Rakiya, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce gidanta. Allah Ya ba Inna da Baffa da mijinta juriyar wannan rashi, Ya raya 'ya'yanta biyu, Ya riƙe su riƙon da uwarsu ta yi wa 'ya'yan mutane. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.